Hodar da Na Gwada a Bayan Hannuna

A garinmu ba a yin tatsuniya da rana, ga shi kuwa yanzu hantsi ne, kaji ma ba su nemi inuwa ba tukuna. To abin da zan faɗa ya faru ne, a gidan nan, a ƙarƙashin wannan rumfar da muke zaune. Ni ban yi boko ba, allon ma kaɗan na taɓa, iyakar abin da zan yi salla da shi. Jikata ce ke riƙe da biro, ta kafa hanci a kan takarda yadda ta saba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, har wurin da laifina yake, kada ta ji tausayina ta tsallake.

Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa bakina bai taɓa kama sunanta ba. Uwata nake ce mata. Ita kuma ta ce mini Kaka, in ta so tsokana ta ce tsohuwa. An haife ta a shekarar da rediyo ya cika da maganar Shari'a, a ƙauyenmu da ke gefen Zango. Zabiya ce. Fara fat ta zo, kanta kamar gashin masara, mu kuwa gidanmu tun daga kakanni baƙaƙe ne. Ungozoma ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Mai jegon ce ta miƙo hannu daga shimfiɗa ta ce a ba ta 'yarta.

Mai jegon nan 'yata ce, 'yar fari. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin uwa da 'yar fari. Ba a kiran sunanta, ba a yabonta, ba a ɗaga ido a ƙare mata kallo. Kakarta ce ta goya ta, ni sai dai in saci kallonta ta gefen ido in hankalinta na wani wuri. Na riƙe wannan kunyar shekara ashirin da ɗoriya, ina jin akwai sauran lokaci. Uwata ba ta cika shekara biyu ba zazzaɓi ya kwantar da 'yar tawa, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ranar ma ban shiga wurin wankan gawar ba, ina zaune a bayan ɗaki aka fita da ita. Ko hotonta babu a gidan nan. Uban yarinyar fataucin dabbobi yake yi wajen Mashi, bai cika zama ba, sai aka kawo mini ita da ƙullin kayanta.

Ranar ƙasarmu kowa ya san ta, amma ban san ta sosai ba sai da na riƙe zabiya. In yarinyar nan ta bi 'yan mata ɗiban ruwa ta dawo, sai ka ga wuya da kunnuwa sun yi ja kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, bayan kwana biyu fatar ta ɗaye. Na yi ta shafa mata man kaɗe, ashe ƙara soya ta nake yi. Abin da ya taimake mu hijabi ne. A shekarun nan ne hijabi ya game gari, har 'yan yaye ana ɗinka musu. Ya rufe mata kai da wuya da hannuwa, ya bar wa rana fuska kaɗai. Rana kuwa ta karɓi abin da aka bar mata. Kafin yarinyar ta gama sakandare kumatunta sun yi ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabuwa. Wata maƙwabciya ta ce a sa mata niƙabi. Mun gwada. Idonta da ma ba ƙarfi gare shi ba, da niƙabi sai ta riƙa tuntuɓe a hanya, zufa kuma ta feso mata da ƙuraje. Muka ajiye shi.

Da ta gama, ta sami gurbi a makarantar koyon aikin malanta a Daura. Kullum sai ta taka zuwa bakin titi, ta jira mota a fili, ta sauka ta sake takawa. A shekararta ta biyu wani abu ya fito mata a ƙasan idon hagu, ɗan kaushi-kaushi, in ya bushe ya ɓare sai ya dawo. Muka je asibiti. Likita ya cire shi, ya tura mu wurin wata nas, babbar mace mai faɗin magana ba kwana-kwana.

"Iya, wannan mun tare shi da wuri," ta ce mini. "Amma in rana ta ci gaba da cin fuskar nan wani zai fito, kuma irinsa ne ke zama ciwon daji. Ban faɗa don in tsorata ki ba."

"To a kulle ta a ɗaki?"

"A'a. A shafa mata abin da zai tsaya tsakaninta da rana."

Ta ba mu wani farin mai a cikin abin matsawa irin na man goge baki. Man yana aiki, ban raina shi ba. Sai dai in ta shafa, fuskar takan koma kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa, in zufa ta zo ya yi layi-layi. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Wajen wanki na gane. Na ga bakin hijabanta duk sun yi fari ta ciki, wato tana shafawa a gabana, in ta kai zaure ta goge.

"Uwata, hijabi likita ya ce a kare ko fuska?"

"Kaka, a mota wani ya tambaye ni ko ƙarambau nake yi. Matar da ke kusa da ni ta janye ɗanta."

Muka koma wurin nas. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce akwai irinsa mai launin fata, hoda ce mai ruwa-ruwa, 'yan mata na ce mata fandeshan, tana kare rana tana kuma rufe tabo. Asibiti ba su da ita, sai a kasuwa. Ta riƙa lanƙwasa yatsu tana faɗa mana: a duba lamba hamsin a jikin kwalbar, a guji mai turare don fatar yarinyar ba ta ɗaukar turare, kuma kada ta hau fuska sai an ɗiga ta a cikin damtse an jira kwana uku a ga ko za ta yi ƙaiƙayi.

"Launi kuma ki je da mai ido," ta ce wa Uwata, "don naki ba zai raba miki su ba."

"Ai ga ta nan zaune," in ji Uwata. "Kaka rini take yi tun kafin a ƙera motar da ta kawo mu."

Gaskiya ta faɗa. Sana'ata saƙar faifai da tabarma, kuma ni ke rina kabata da kaina, ja da karan dafi, sauran da galura. Mahaifiyata ce ta koya mini, ita wadda yarinyar ta ci sunanta. Abin da ta fara koya mini shi ne, in za ki gwada rini ki gwada a jikin kabar da za ki rina, ki bar ta ta bushe, ki fito da ita rana ki duba. Kabar da aka yanko da damina da wadda aka yanko da rani ba sa shan launi iri ɗaya. Na san wannan kamar yadda na san hanyar rijiya. A riƙe shi, don a nan na faɗi.

Ranar Lahadi muka shiga Daura. Washegari Litinin ce ranar da za ta fara tsayawa gaban aji a wata firamare, aikin gwaji na makonni da makarantarsu ke tura su, wanda in ba a yi shi ba babu takardar gamawa. Aka kwatanta mana shagon wata Hajiya mai kayan kwalliya a cikin kasuwa. Da muka yi sallama muka ce man fuska muke nema, ta dubi Uwata ta dube ni.

"Iya, in na bilicin ne, wannan ai ta riga kowa isa. Ko ke za ki fara?"

"Ni da Allah ya rina ni bai rage ba," na ce.

Muka yi dariya, Uwata ta yi mata bayanin abin da nas ta ce. Hajiya ta jero kwalabe a kan tebur, daga mai launin madara, zuwa mai launin soyayyar gyaɗa, har zuwa mai duhun daddawa. Uwata ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana kai wa hanci, idanunta na rawa, tana neman lamba hamsin. Ta ware guda shida. Ta nuna mini lambar don in gane ta, ɗaya kamar ƙugiya, ɗaya kamar ƙwai. Sannan ta turo su gabana.

"Karatu nawa, launi naki."

Shagon ba shi da taga, ƙwan lantarki ne mai haske shuɗi-shuɗi. Na ɗauki ta farko na ɗiga a bayan hannuna, ta yi fari kamar an ɗiga nono. Ta biyu ma haka. Da na zo ta ƙarshe, mai duhun, na murza, sai ta ɓace a hannuna kamar ban shafa komai ba. Na laƙato kaɗan na goga a haɓar yarinyar, ɗan wurin da bai fi faɗin yatsa biyu ba. Na tsaya ina kallon haɓar nan. Na san haɓar.

"Iya, wannan ta yi mata duhu," in ji Hajiya. "Taki ce wannan."

"Shekara nawa kika yi kina rini?"

"Ko ɗaya."

"To bar ni da aikina."

Uwata ta shinshina bakin kwalbar. "Kaka, kamar tana ƙamshi." Ta juya ta tana neman inda aka rubuta, amma rubutun Faransanci ne, irin kayan da ke shigowa ta Nijar, ba ta iya shi ba. Na ce ƙamshin bai kai ya kawo ba. Ta ce kwana ukun da nas ta ce fa? Na ce gobe ne ajin, ko za ki tsaya gaban yara da farar ƙasa? Ta miƙo mini kwalbar. Ba ta taɓa kama ni da ƙarya a kan abin da ido ke gani ba. Tun tana ƙarama ni ke gaya mata wane ne ke tahowa daga nesa, ni ke gaya mata hadari ne ya taso ko hayaƙi.

Da safe, rana ta fito ke nan, na zaunar da ita a tabarma a nan wurin, na ce ni zan shafa mata. Na fara da goshi. Na sauko hanci, na bi kumatu, na rufe ɗigon nan duka, na haɗa da haɓa. Ina shafawa wata fuska na tasowa a ƙarƙashin yatsuna. Hancin nan mai ɗan tudu a tsakiya, leɓen sama mai ɗagawa, goshi mai faɗi. 'Yata ce zaune a gabana, ta rufe ido, ta miƙo mini fuska, abin da ba ta taɓa yi ba tana raye, ni ma ban taɓa nema ba. Gira da gashin ido suka tsaya fari a tsakiyar baƙi, sai na ɗauko jagira na bi girar, na rambaɗa mata kwalli. Na gani sarai cewa inda hijabi ya tsaya akwai farin layi zagaye da fuskar, na ga hannuwanta farare a kan cinya. Duk na gani.

Ta ɗauki madubi ta kai kusa da ido. Haka take duba madubi, kunci ɗaya, sannan ɗayan, ba ta taɓa ganin fuskar gaba ɗaya a lokaci guda ba.

"Kamar ta yi duhu."

"Inuwar rumfa ce."

"Ta yi, Kaka?"

"Ta yi."

"To me ya sa kika yi shiru haka?"

"Aikina nake dubawa."

Na raka ta har bakin titi, abin da rabona da yi tun tana firamare. Muna tafiya ina kallonta, ban ko ɓoye ba. Kallon da na hana kaina shekara ashirin da ɗoriya, na so in rama shi tsakanin gida da titi. Mota ta zo ta shiga. Na tsaya har ta sha kwana.

Ba a kira la'asar ba sai ga ta a kan babur, ta ja hijabi har kan hanci. Ta wuce ni ta tsuguna bakin randa. Ta buɗe fuskar. Zufa ta wanke wani wuri ta bar wani, alwalar azahar ta ƙarasa ɓata sauran, fuskar ta zama dabbare-dabbare. A ƙarƙashin wannan kuma fatar ta kumbura ta yi jawur, ƙananan ƙuraje sun feso har fatar ido. Ta wanke, ta wanke, ta sake wankewa. Ba ta yi kuka ba. Daga baya ne na ji cewa tana shiga aji yara suka fashe da dariya, wani cikinsu ya tambaye ta ko gobara aka yi a gidansu, malamar da ke duba aikinta kuma ta ja ta gefe ta ce wane maƙiyi ne ya yi mata kwalliya.

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar. Abinci sai in tura ta ƙarƙashin labule, wani lokaci ya dawo yadda ya shiga. Na zauna a rumfa da faifan da na fara, in saƙa layi ɗaya in kwance. Abokiyar karatunta ta kira ta a waya, ina ji daga tsakar gida, ta ce an ba ta mako guda, in ba ta koma ba za a cire sunanta daga aikin gwajin. Uwata ta ce a cire. Ta ce ɗaki babu rana, babu yara.

Na ɗauki kwalbar na tafi asibiti ni kaɗai. Nas ta buɗe ta shinshina, ta rufe.

"Turare ne fal. Kun gwada a hannu?"

"An gwada."

"Kwana uku?"

Na kau da kai.

"Launin nan fa, Iya, a hannun wa aka gwada shi?"

"A nawa."

Ta dube ni, ta ga abin da ta gani, ba ta ƙara ba. Ta ba ni wani mai na kwantar da kumburi, ta ce a bar fuskar ta huta, ruwa kawai, sai ta lafa.

Da na dawo, rana tsaka, na ɗaga labulen na shiga ba tare da an ce in shigo ba. Tana zaune a bakin gado. Na zauna a ƙasa.

"Kin gani tun da safen?" ta ce, ba ta dube ni ba.

"Na gani."

"Layin gefen, da hannuwa?"

"Duka."

"A Islamiyya kullum ana mana wa'azi kan masu bilicin, wai suna raina halittar Allah. Ina zaune ina cewa ni dai wannan bai shafe ni ba. Ban san akwai na komawa baƙi ba sai a hannunki. Shekara nawa kina jiran a rina ni, Kaka?"

Maganar nan ta shige ni, har yau tana nan. Na buɗe baki zan ce ba haka ba ne, sai na tsaya, don na tuna shirun da na yi ranar da aka haife ta. Na gaya mata wannan shirun, ban ɓoye ba. Sannan na ce abin da ya faru a rumfa daban ne.

"Uwarki na gani. Ina shafawa tana fitowa. Na kasa cewa a goge."

Akuya na ta kuka a waje. Ba mu taɓa zancen uwarta ba sai in ana yi mata addu'a, don kunyar nan ba ta sake ni ba ko bayan an rufe ta.

"Ina kama da ita?"

"Hancin nata ne. Haɓar ma. Da yadda leɓenki ke ɗagawa in za ki yi gardama."

Ta kai yatsa ta shafa hancinta a hankali, a kan ƙurajen.

"To ai suna nan tun da can. Ke mai ido."

Na tashi na fita.

Washegari na kwance damin kabar da ban rina ba, mai bushewar inuwa, na zaɓo sili-sili masu haske. Na dama karan dafi tsararo, na tsoma wasu na ɗaga nan take, wasu na bar su suka ɗan jima. Da suka bushe na kira ta bakin ƙofa. Ta ƙi. Na ce ba fuska nake so ba, cikin damtse kawai, inda rana ba ta taɓa gani ba, ki miƙo ta labule. Can sai hannu ya fito. Na riƙa kara silin kaba a jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Shekara nawa ina yi wa hannun nan wanka da shafa, kuma da an tambaye ni launinsa da na ce fari, shi ke nan. Ashe akwai ɗan ja-ja a ciki, da wani abu kamar cikin sabuwar ƙwarya da aka fafe. Sili na bakwai ne ya kwanta a jikinsa ya ɓace.

Na ƙulle shi a bakin zane na koma wurin Hajiya. Tana ganina ta ce, "Mai rini, yaya aiki?" Na ce rini ya ɓaci, ke kika yi gaskiya. Ba ta ja maganar ba, Allah ya saka mata. Na ce ta fito mini da kwalaben waje, bakin ƙofa, inda rana take. Na nemi ƙugiya da ƙwai a jikin kowace. Na shinshina kowace, wadda hancina ya ji ko alamar turare na ture ta gefe. Hajiya ta duba masu rubutun Turanci, ta ware waɗanda aka rubuta babu turare. Uku suka rage masu kusa da silin kabata. Ta ɗiga mini kowace a murfin kwalbar lemo, ta ɗaure da leda, ta ce in je in gwada, wadda jikin yarinyar ya karɓa in dawo in ɗauka.

Hannu ya sake fitowa ta labule. Na yi ɗigo uku a cikin damtse, a jere, na zagaye kowane da kwalli don kada mu rikita. Kwana na biyu na tsakiya ya yi ja, ta ce yana ƙaiƙayi, muka zubar da murfinsa. Kwana na uku sauran biyun suna nan lafiya. Fuskar ma ta lafa, saura ɓawo kaɗan. Wa'adin makaranta kuma saura kwana biyu.

Da hantsi ta ɗaga labule da kanta ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙifta ido. Na shafa ɗaya a muƙamuƙin dama, ɗaya a na hagu. Na ce mu jira su bushe. Muka tsaya muna jira.

"In kina so in kira maƙwabciya ta duba," na ce. "Ba zan ji haushi ba."

"Ke za ki duba."

Na juya fuskar dama, na juya ta hagu. Na ja da baya taku uku, na dawo.

"Ta dama ta yi rawaya, kamar mai ciwon shawara. Ta hagu ta bi jikinki, ban ga inda ta tsaya ba."

"Ta rufe ɗigon?"

"Ta rage su. Tabon da likita ya cire zai ci gaba da nunawa, wanda ya matso zai gan shi. Girarki kuma fara ce, haka za a bar ta."

Leɓen nan ya ɗan ɗaga.

"Yanzu kam idonki ya dawo, tsohuwa."

Na koma Daura na ɗauko ta hagun. Saura magana ɗaya, ita ta tayar da ita, wato alwala. Ta ce ba za ta yi salla da abin da take shakkar ko ruwa na ratsa shi ba. Ta tambayi malamarsu ta Islamiyya, malama ta ce ta wanke fuskar tas kafin alwala ta huta da kokwanto. Nas kuma da ma ta ce shafawar safe ba ta kaiwa yamma, sai an sake. Sai maganar biyu ta haɗu wuri ɗaya. Ta shafa da safe, in an kira azahar ta wanke, ta yi alwala, ta yi salla, ta sake shafawa. Ni kuma na saƙa mata malafa mai faɗin baki da kabar da ta rage, ban rina ta ba, tana ɗorawa a kan hijabi.

Ranar da za ta koma ban raka ta titi ba, ta ce in zauna. Ta shafa da kanta, ta zo ta tsuguna a gabana ta ɗaga fuska. Na gyara mata gefen hanci inda ta bari ya taru. Ta fita. Wunin ranar ban saƙa komai ba, kunnena na bakin zaure, duk babur ɗin da ya wuce sai in ɗaga kai. Sai bayan la'asar ta dawo, a mota, hijabinta a inda ya saba tsayawa. Na tambaye ta yaran. Ta ce mai maganar gobarar nan ya tambaye ta ko an kashe wutar, ta ce an kashe, buɗe littafinka.

Yanzu ajin kanta gare ta, a firamaren da ke bayan kasuwar garinmu. Lokaci-lokaci muna zuwa a duba fuskar. Sau ɗaya aka sake cire wani ɗan kaushi a gefen goshi, ban da shi ba abin da ya fito, mun gode Allah. Kwalbar mai duhu tana nan a ƙasan adakata. Na so in jefar, ban jefar ba, ban kuma sake buɗe ta ba.

Kullum da safe takan zo ta tsuguna a gabana ta ce, "Ta yi?" Nakan riƙe haɓar in juya ta wajen haske, in duba goshi, in duba hanci, in daɗe fiye da yadda aikin ke bukata. Ta sani, ba ta hana ni. In akwai gyara in faɗa.

Ta ce in dakata a nan, hannunta ya gaji, kuma an kira azahar, za ta je ta wanke fuska.